Hakkin Kare a Kan Mai Shi: Waƙa da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, tambayoyi sun yi yawa gare ni a kan kare, daga na birni da na ƙauye. Wani ya ce karensa ya hana unguwa barci. Wani ya ce nasa ya ciji ɗan maƙwabci, a kashe shi ko a bar shi? Wani kuma yana son ya san ko rigarsa ta najasu domin kare ya shinshine ta. Na lura kowa hakkinsa a kan kare yake tambaya, ban sami wanda ya tambayi hakkin kare a kansa ba. Saboda haka na tsara waɗannan baitoci, na biyo su da sharhi gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

1. Da sunan Ilahi nake farawa,
Gwanin da ya ƙagi tudu da ruwa.

2. Salati ga Ɗaha Ma'aikin jinƙai,
Da alu, sahabbai, da masu biyawa.

3. Nufina na yi wa'azi kan kare,
Da nauyin da ke kanmu gun kulawa.

4. Halitta ta Allah, yana da jama'a,
Yana jin zafi, yana jin yunwa.

5. Ba shi da harshen da zai kai ƙara,
Da haushi da gurnani yake nunawa.

SHARHI: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Maɗaukaki ya ba mu labari cikin Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar mu. Ya kuma gaya mana cikin Suratu Hud, aya ta 6, cewa arzikin kowace dabba yana gare shi. Bai ware kare daga wannan ba. To, idan ka kama kare ka kawo shi gidanka ka hana shi yawon neman abinci, ka zama kai ne ƙofar da arzikinsa zai biyo. In ka rufe ƙofar, kai za a tambaya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa sananne ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi. Laifinta da aka ambata shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ba a ce ta doke ta ko sau ɗaya ba. Wanda ya ɗaure kare a turke ya tafi kasuwar ƙauye kwana biyu, ya duba ya ga mene ne bambancinsa da wannan mata.

6. Tuna da mutum da ya sauka rijiya,
Ya ɗebo a huffi ga mai ƙishirwa.

7. Ya kama da baki ya hau har waje,
Ilahi ya gode, ya yi gafartawa.

8. Hakin nan nasa shi ne guminsa,
Ka ba shi ruwa, ka kai shi inuwa.

9. In ruwa ya gaza a tsakiyar daji,
Ka shayar da shi, ƙasa na tsarkakewa.

SHARHI: Wannan ƙissa Abu Huraira ya ruwaito ta, Allah ya yarda da shi, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim. Wani matafiyi ƙishirwa ta tsananta gare shi, ya sami rijiya ya sauka ya sha. Da ya fito sai ga kare yana haki, yana cin danshin ƙasa. Ya koma ya cika huffinsa, ya riƙe da bakinsa domin hannuwansa suna aikin hawa, ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada cikin dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu da lada cikin duk mai rai. An ruwaito irin wannan ga wata karuwa daga Bani Isra'ila.

Ni abin da nake so ka lura da shi cikin ƙissar shi ne mataki na farko, tun kafin ɗiban ruwa. Mutumin nan ya dubi karen, ya karanta halinsa, ya gane cewa abin da ya same shi shi ne ya sami karen. Da wani ne, da ya ga kare yana cin ƙasa harshe a waje, sai ya ce mahaukaci ne ya nemi dutse. Fahimta ita ta haifi rahama, rahama ta haifi gafara.

Maganar haki kuwa, Allah ya ambace ta cikin Suratul A'araf, aya ta 176, inda ya buga misali da kare mai haki ko an kore shi ko an ƙyale shi. Zargin da ke cikin ayar na mutumin da aka ba ilmi ya saɓule daga gare shi ne. Karen kuwa haka aka halicce shi. Mu ƴan Adam muna yin gumi a duk jikinmu mu sami sanyi, shi kuwa kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafarsa, da haki yake fitar da zafin jiki. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗara namu. Ka yi tunanin watan Afrilu ko Mayu a Tawa ko Agadas ko Injamena, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga kare ɗaure a gindin bangon da rana ke duka, kaskonsa ya bushe tun hantsi. Kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar ruwa kamar lita 1 ko fiye a yini, a bazara kuwa ya wuce haka nesa. Idan ka ga hakin ya yi tsanani, harshe ya yi ja wur, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, zafi ne ya buge shi. Ka kai shi inuwa, ka zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da ƙafafu, ka ba shi ya sha kaɗan kaɗan. Karnuka da yawa an kashe su da sunan hauka alhali ƙishirwa ce kurum.

Baiti na tara mas'ala ce ta fiƙihu da almajirai ke wucewa a guje. Shehu Halil cikin Muhtasar ya ƙirga tsoron ƙishirwar abu mai alfarma da ke tare da kai cikin dalilan da ke halatta taimama, masu sharhi kuma suka bayyana cewa karen da shari'a ta yi izinin riƙe shi yana ciki. Wato makiyayi a daji, ruwan gorarsa ba zai ishi alwala da shan karensa ba, kare kuma zai halaka, sai ya ba kare ruwan ya bugi ƙasa ya yi salla. Dubi inda shari'a ta ajiye ran wannan dabba, ka dubi inda muka ajiye shi.

10. Idan za ka riƙe shi, riƙe da dalili,
Farauta da kiwo da gona, tsarewa.

11. Miyau nasa tsarki ne gun Maliku,
Wankin bakwai umarni ne na biyawa.

SHARHI: Ba na kiran kowa ya kwana ɗaki ɗaya da kare. Hadisi ya inganta cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake, ya kuma inganta cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya daga ladansa kowace rana, a wata ruwaya biyu. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya tafi a kan haka cikin littafinsa. Amma masu sharhin Risala sun hakaito cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da bangon gidansa ya faɗi kuma tsoro ya yawaita a garin, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Daga nan malamai da yawa suka halatta karen gadin gida in akwai bukata ta gaskiya. Ibnu Abdil Barri na Andalus, wanda ya rasu a 463, ya ambaci wata fuska mai kyau game da raguwar ladan, cewa tana iya kasancewa saboda gazawar mai kare wajen kyautata masa, tun da dabba ce da idonta ke kan hannun ubangidanta.

Game da najasa, mazhabarmu ta Malikiyya tana ganin duk mai rai tsarkakakke ne, da miyansa da guminsa, har kare. In ya sa baki a ƙwaryar ruwa, a zubar a wanke sau bakwai, don bin umarni, ba tare da sharaɗin sa ƙasa ba. Shafi'iyya suna ganin najasa ne, suna kuma sa ƙasa a ɗaya daga wankin, kowa da hujjarsa. Mai tambaya a kan riga, rigarka tana nan da tsarkinta. Ko a wurin wanda ya ce najasa ne, najasa wanke ta ake yi. Babu malamin da ya ce a jefe ta da dutse.

12. Ka ɗaure shi kullum ka ce ya yi zafi,
Wane ne ke sarƙa ba ya ƙosawa?

13. Gurnani nasa gargaɗi ne, ji shi,
In ka kashe shi, cizo ke biyowa.

14. Kaɗa wutsiya ba duka murna ce ba,
Dubi jiki duka kafin matsowa.

15. Ɗan kwikwiyo in ya tauna takalmi,
Haƙori ke ƙaiƙayi gun fitowa.

16. Yaro da dutse, kare da turke,
Gobe a ce kare ne ke cutarwa.

SHARHI: A nan ne zan daɗe, domin a nan yawancin zalunci yake, kuma mafi yawansa jahilci ne ya kawo shi. Kare dabba ce mai son jama'a, mai son tafiya, mai rayuwa da hancinta. Abin da ido yake gare ka, shi ne hanci gare shi. Idan ya bi lungu yana shinshina gindin kowace bishiya, labarin wanda ya wuce yake karantawa. In ka ɗaure shi da sarƙa kamu uku dare da rana, ka raba shi da duk wannan. Sai ya dinga zagaya turke har ƙasa ta yi gurbi, ya dinga haushi ba dalili, ya lashi ƙafarsa har ta yi gyambo. Abu mafi hatsari kuma, dabbar da ta ji tsoro hanya biyu gare ta, gudu ko faɗa. Sarƙa ta toshe gudu, me ya rage? In ya zama dole a ɗaure shi da rana saboda baƙi, igiya ta yi tsawo, ta kai inuwa, ta kai ga kaskon ruwa, kada ta shaƙe wuya, a kuma sake shi safe da yamma ya miƙe ƙafa tare da mai shi.

Haushin dare iri-iri ne, mai kare ya kamata ya san muryar karensa kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗanta. Akwai haushi mai kauri a jere, yana fuskantar wuri ɗaya, wannan aikinsa yake yi, tashi ka duba. Akwai na amsa wa karnukan unguwa. Akwai mai tsawo mai kama da kuka, na kaɗaici ko yunwa ko sanyin hunturu, ko karya ce ta shiga lokacin barbara a maƙwabta, abin da ke zuwa mata kamar sau biyu a shekara. Duka ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Karen da ya yi tafiya da yamma ya ci ya ƙoshi, barci yake yi, domin kare mai lafiya yana barcin awa 12 ko fiye a yini da dare.

Gurnani kuwa ni'ima ce ga mai hankali. Kafin kare ya ciji, yakan yi magana sau da yawa: ya kau da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma ba don barci ba, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, sannan jikinsa ya sandare, sannan ya yi gurnani. Duk ma'anarsu ɗaya ce, ka ba ni wuri. Wanda ya doki karensa duk sa'ad da ya yi gurnani, ya koya masa kada ya ƙara gargaɗi, tsoron kuwa yana nan a cikinsa. Ran da za a ce kare ya ciji yaro ba zato ba tsammani, a bincika, za a tarar an daɗe da kashe masa murya. Haka kaɗa wutsiya: in jiki ya saki, ƙugu na rawa tare da ita, murna ce. In ta miƙe sama ƙyam tana kaɗawa kaɗan kaɗan, ido a kafe, ja da baya. Ku koya wa yaranku kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayar da ƴaƴanta, kada kuma su ruga da gudu suna ihu a gabansa. Karen da aka san shi da haƙuri in ya fara cizon mai taɓa shi, a duba jikinsa: kaska a kunne, ko ƙaya a tafin ƙafa, ko haƙori da ya karye, ko gyambon ƙuda a bakin kunne.

Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, suna zubewa daga wata na huɗu, na girma 42 su gama fitowa wajen wata shida ko bakwai. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake, zai tauna abin da ya samu, ko takalmin liman ne. Ba shi abin taunarsa, ka ɗauke naka. Akwai kuma wata al'ada mummuna, a kulle kwikwiyo cikin duhu a hana shi ganin mutane wai don ya yi zafi. Masana dabbobi sun tabbatar cewa daga mako na 3 zuwa na 12 ne kwikwiyo ke koyon wane ne abin tsoro wane ne ba shi ba. Wanda aka ɓoye a wannan lokaci yakan tashi matsoraci, ba ya rarrabe ɓarawo da almajirin da ya zo bara. Mai gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gida da na unguwa sarai, shi ke gane baƙon dare. Karen Ashabul Kahfi, wanda malaman tafsiri da yawa suka kira Ƙiɗmir, Alƙur'ani ya siffanta shi cikin aya ta 18 a kwance bakin kogo, zira'o'insa a shimfiɗe. Natsuwa aka ambata gare shi a wurin gadi.

Iyaye, ku ji tsoron Allah game da jifan kare. Yaro ya wuce kullum ya jefi karen da ke ɗaure, manya na zaune suna dariya. Kare ba ya mantuwa. Ran da igiya ta tsinke, wani yaron dabam mai tsawo irin na wancan shi zai biya bashin.

17. Karen da ya koyi, abin da ya kamo,
Halal ne ka ci, ga darajar koyarwa.

SHARHI: Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta abin da dabbar farauta da aka koyar ta kamo, in an ambaci sunan Allah wajen sakinta, Annabi kuma ya yi wa Adiyyu ɗan Hatim bayanin sharuɗɗan. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan falalar ilmi, tun da har kare ilmi ya ɗaukaka kamunsa. Alamar koyo ita ce in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wannan ba ya samuwa da sanda. Mafarautanmu sun sani, haka Buzayen Azawak masu dogayen karnukan nan sirara da yanzu har Turai aka san su da sunan ƙasar: kare yana koyo ne in ya yi daidai an saka masa nan take da loma ko shafa. In ya yi ɓarna da safe ka doke shi da azahar, bai san dalili ba, abin da ya koya kurum shi ne zuwanka hatsari ne.

18. Idan ya yi cizo, ruwa da sabulu,
Ka garzaya likita ba da tsayawa.

19. Allura guda ga kare duk shekara,
Ta fi gubar da ake watsawa.

SHARHI: Ciwon haukan kare gaskiya ne, kada tausayi ya sa a yi sakaci da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cuta ce da ke cikin miyau, tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, takan ɗauki wata biyu ko uku kafin ta bayyana, in kuwa ta bayyana da wuya a tsira. Amma tun shekarar 1885, da Luwi Fasto na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura ya rayu, Allah ya buɗe ƙofar magani. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu minti 15, ya tafi likita a ranar. Addu'a da tofi muna yin su, amma ba sa zama madadin allura, ƙona gashin kare a shafa kuwa ba shi da asali a shari'a ko a likitanci. Karen da ya yi cizon a tsare shi da ruwa da abinci, likitan dabbobi ya duba shi kwana 10 zuwa 15, ba tare da an jinkirta allurar wanda aka ciza ba. Alamun haukan gaske su ne canjin hali farat ɗaya, cizon itace da ƙarfe, sauyin murya, haɓa a sake miyau na zuba, sannan shanyewar ƙafafu. Irin wannan a kashe shi ba jayayya, shari'a ta ba da izinin kashe kare mai cizo, amma a gaggauta, domin hadisin Shaddadu ɗan Aus cikin Muslim ya umarce mu da kyautatawa har wajen kisa.

Watsa nama mai guba a titi ba ya kawar da cutar. Yana kashe karen makiyayi da angulu, yana jefa yara cikin hatsari, bayan ƴan watanni wasu karnukan su cike gurbin. Abin da masana suka tabbatar shi ne yi wa karnuka 70 cikin 100 allura. An gwada haka a Injamena a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yi ƙasa ƙwarai a birnin har wani lokaci, kafin ta sake shigowa ta karnukan waje. Mai kare ya kai nasa, kada ya jira a zo masa gida.

20. Idan ya tsufa, haƙora sun zube,
Kada ka kore shi bayan morewa.

SHARHI: Izzuddin ɗan Abdussalam, Sarkin Malamai, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 660, ya jera hakkokin dabbobi a kan mai su cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, na farkonsu shi ne ya ci gaba da ciyar da su ko sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Kare yakan fara tsufa daga shekara bakwai ko takwas. Jinsa ya ragu, ganinsa ya dushe, ya yi ta barci, ƙafafun baya su yi nauyi. Ka jiƙa masa tuwo ya yi laushi, kada ka ba shi dafaffen ƙashin kaza domin yana tsagewa ya huda hanji, kada kuma ka zuba masa sauran miya mai yawan albasa domin tana ɓata masa jini. Ka shimfiɗa masa tsohon buhu a zaure lokacin hunturu, ka yi gyaran murya kafin ka taɓa shi don kada ya firgita. In ka kawo sabon kwikwiyo, ka raba musu kasko.

Wallahu a'alamu. Tammat, baitoci 20.